Baƙin Jarumi a Silima: Wa Ke da Ikon Yin Tambaya?

A cikin kowane fim na binciken laifi akwai mutum biyu: mai tambaya da wanda ake tambaya. Mai tambaya shi ne ke bin sawu, ya auna shaida, ya faɗi gaskiya jama'a su yarda. Shekaru da dama silimar Amurka da ta Turai ba su ba baƙar fata wannan matsayi ba. Yakan fito a kuku, ko direba, ko wanda ake zargi. Ya kamata masu tarbiyya su tambayi kansu: me ke samun al'ummar da ƴaƴanta ba su taɓa ganin mai kama da su yana gano gaskiya ba?

Tarihin silimar Nijar ya ba da amsa. A fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir na 1958, samarin Nijar da suka je ci-rani unguwar Treichville ta Abijan sun ari sunayen taurarin Turawa. Oumarou Ganda, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa, ya zama Edward G. Robinson, abokinsa kuwa ya zama Eddie Constantine, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin jami'in bincike Lemmy Caution. A 1966 Moustapha Alassane ya nuna ƙarshen irin wannan aro a Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya komo daga tafiya da tufafin kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka addabi garinsu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Shekara guda bayan haka, a 1967, aka fitar da In the Heat of the Night. Sidney Poitier ya fito a matsayin Virgil Tibbs, baƙon da aka kama a tashar jirgin ƙasa ta wani ƙaramin gari na jihar Misisipi bisa zargin kisan kai, ba don wata shaida ba sai don launinsa. Daga baya ta bayyana cewa shi ƙwararren ɗan sanda ne daga Filadelfiya, kuma a hannunsa aka warware matsalar. Wanda aka tuhuma ya koma mai tuhuma. Makaminsa ilimi ne da natsuwa, kuma da wani attajiri Bature ya mare shi, nan take ya rama. Fim ɗin ya ci lambar Oska biyar.

A 1971 Gordon Parks ya shirya Shaft, Richard Roundtree ya fito a mai bincike mai zaman kansa a birnin New York, mai shiga ko'ina ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. A Shaft in Africa na 1973 ya bi sawun masu safarar leburorin Afirka zuwa Faransa. Sai dai tun a lokacin wasu shugabannin baƙar fatar Amurka sun koka cewa finafinan da suka biyo baya sun cika da bindiga, da ƙwaya, da wulaƙanta mata. Kokensu yana da tushe. Idan an sauya launin hannun da ke riƙe da bindiga, hali kuwa yana nan, to zalunci ne kawai ya sake riga.

Saboda haka darajar waɗannan jarumai tana cikin abin da suka tabbatar: hankalin baƙar fata ya isa ya tantance gaskiya, maganarsa kuma hujja ce. Launi yakan buɗe wa yaro ƙofar koyi, amma halin jarumin ne zai shiga da shi gida.

Yau ɗalibi a Gangara ko Gazawa yana kallon irin waɗannan finafinai a wayar hannu, ga kuma na Kano birjik. Hana shi kallo ba zai yiwu ba. Abin da malami da ƙungiyar al'adu za su iya shi ne su koya masa tambaya: da me jarumin ya yi nasara, kuma wa ya tsaya wa? Su kuma tuna masa cewa Oumarou Ganda, wanda ya fara da sunan aro, da sunansa na yanka ya karɓi babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame.