Baƙon da Ba Shi da Takarda

Jiharmu ta Kebbi tana da iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Daga Zuru zuwa Kamba tafiya ce mai nisa, amma kada nisan ya ruɗe ka, gama iyakar takan biyo mutane har ƙofar gidanka. Mai gadin shago, mai haƙa rijiya, yaron da yake tura kurar ruwa a unguwa, wasunsu 'yan ci-rani ne da suka ƙetaro, a cikinsu kuma akwai waɗanda ba su riƙe da ko ƙyallen takarda. Yaya mai bi zai yi da su?

Masu cewa a tsananta tsaron iyaka suna da hujja. Manzo Bulus ya koya mana a Romawa sura 13 cewa Allah ne ya kafa hukuma, ya kuma ba ta takobi domin hukunta mugu. Nehemiya da ya gama gina garun Urushalima, sai da ya sa matsara a ƙofofi. A watan Nuwamba na 2024 Lakurawa, waɗanda suka shigo ta kan iyaka, sun kashe mutane a Mera cikin ƙaramar hukumar Augie. Mu da muka ga 'yan'uwanmu na Danko-Wasagu da Sakaba sun baro gonakinsu saboda 'yan bindiga, ba mai koya mana mene ne tsoro. Saboda haka Kirista ba zai ba da cin hanci a shingen hukuma ba, ba kuwa zai ɓoye mai laifi ba.

Sai dai ka tuna da 1983. A shekarun da kuɗin man fetur ya yi ambaliya, ƙasar nan ta buɗe hannu ga maƙwabta. Dattawanmu da yawa malaman Gana ne suka koya musu lissafi da Turanci. Da farashin mai ya faɗi, zaɓe kuma ya gabato, sai gwamnatin Shehu Shagari ta ba da sanarwa a watan Janairu cewa duk baƙon da ba shi da izinin zama ya fita cikin mako biyu. Kimanin mutum miliyan biyu suka tafi, wajen rabinsu 'yan Gana. Jakar nan mai ratsi-ratsi da kake zuba kaya a ciki, daga wannan korar ta samo sunanta. Gana ma ta yi wa 'yan Nijeriya haka a 1969, zamanin Busiya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ka lura da wannan: lokacin da ake bukatar guminsu, ba a cika tambayarsu takarda ba. Sai da tuwo ya ragu aka tuna da doka.

A nan maganar ta baro Abuja ta shigo gidanka. Ɗan ƙasar Zuru ba ya bukatar dogon bayani a kan Yakubu da Laban, gama mun san golmo. Mun san yadda saurayi yake shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa. Amma golmo yana da iyaka, yana da shaidu, yana da abokan aiki, gari duka ya san ranar da zai ƙare. Yakubu kuwa a Haran ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Ya gudo ne daga gida, ba dattijon da zai kai wa ƙara. Laban, kawunsa fa, ya gane haka sarai: ya ruɗe shi a daren aure, ya ƙara masa shekara bakwai, daga baya ya sauya masa lada har sau goma. Farawa sura 31 ta nuna mana cewa akwai shaida guda da Laban ya manta da shi. Allah ya ga kome, ya kuwa tare Laban cikin mafarki.

Laban bai mutu ba. Akan yi ciniki da baƙo a kan aikin damina ko haƙar rijiya, a ba shi rabin abin da ɗan gari zai karɓa, domin an san ba shi da bakin magana. In ya gama ya zo neman hakkinsa, sai a ce masa gobe, gobe ta zama jibi, in ya matsa a yi masa barazana da jami'an shige da fice. Wanda ya yi haka ya ɗauki takobin da Allah ya ba hukuma ya mai da shi wuƙar fashi. Abin kunya, wani lokaci shi ne ya fi kowa ɗaga murya a majalisa cewa baƙi sun cika ƙasa. Dokar Musa a Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta haɗa ɗan ƙasa da baƙo a hukunci ɗaya: a biya matalaucin ma'aikaci ladansa tun rana ba ta faɗi ba. Rashin takarda laifi ne tsakaninsa da hukuma. Ladansa kuwa bashi ne tsakaninka da Allah, laifinsa ba ya goge bashinka.

Za ka ce, to in na ɗauke shi aiki, ban karya doka ba? Tambayar tana da kyau. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba ɗan yankin mai takardar tafiya kwana 90 ba tare da biza ba; wanda zai zauna fiye da haka sai ya nemi izinin zama. Kana iya ƙin ɗaukarsa, ba ka yi zunubi ba. Kana iya ɗaukarsa, ka biya shi kamar ɗan gari, ka taimake shi ya gyara takardunsa a wurin hukuma. Hanya ta uku ita ce ta Laban.

Akwai kuma lokacin da zuciyarka ba za ta kwanta da shi ba, a kwanakin nan da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Ka bincika kanka tukuna: aikinsa ne ya ba ka shakka, ko harshensa da rawaninsa? In ka ga wani abu da idonka, ka kai magana wurin mai unguwa ko jami'an tsaro, kada ka tara masa matasa. Kafin ka tafi kuma, ka ƙirga kwanakin da ya yi maka aiki, ka ba shi kuɗinsa cif.