IDAN WAYA TA ZAMA BULALA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yar'uwata, wata rana da aka tashi ajin matan aure, ɗaya daga cikin ɗalibaina ta tsaya har kowa ya watse. Ta ce mini, "Malama, anya mutumin nan ba aljanu gare shi ba?" Duka ne ya kore ta gidan iyayenta, amma duk abin da ta rubuta wa yayarta sai ya bugo ya maimaita mata. Idan ta je asibiti, ya sani. Ya kuma rantse mata cewa ranar da ta kai ƙara wajen alƙali, ranar zai watsa hotunanta na ɗaki. Da aka duba wayar, ba aljani ba boka. Shi ya sayo ta, shi ya buɗe mata imel, ya kuma haɗa WhatsApp ɗinta da kwamfutarsa. Ta bar gidan, amma bulalar tana cikin jakarta.

Wannan ba kishi ba ne, ba kuwa ƙauna ba ce. Sunansa zalunci. A Suratul Hujurat, aya ta 12, Allah (S.W.T.) Ya hana mummunan zato da binciken asirin mutane, bai kuma cire miji daga hanin ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Manzon Allah ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa cikin dare don tuhuma ko neman kama su da laifi. To ina ga wanda ya zauna cikin wayar matarsa dare da rana? Muslim ya kuma ruwaito daga Abu Sa'id (R.A.) cewa mai yaɗa asirin shimfiɗarsa da matarsa yana cikin mafi munin matsayi a wurin Allah ranar alƙiyama. A Suratul Baƙara, aya ta 231, an ba miji zaɓi biyu ne kawai: ya riƙe da alheri ko ya rabu da alheri. Riƙon cutarwa haramun ne, ko da sanda ko da hoto.

Na san za a ce miki, "Ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne." Gaskiya ne, amma haƙuri bai hana kai kuka ba. Khaula 'yar Tha'alaba ta kai kukan mijinta wajen Manzon Allah, Allah Ya ji ta, farkon Suratul Mujadala ya sauka a kanta. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i kuma ta yi wa wanda aka zalunta izinin bayyana abin da aka yi masa.

Don haka idan kina cikin wannan hali, ga abin da nake ba ki shawara:

Na farko, kada ki yi gaggawa. Azzalumi in ya ga an toshe masa ƙofa yakan ƙara harzuƙa. Muddin kuna ƙarƙashin rufi ɗaya kuma kina tsoronsa, kada ki goge komai, kada ki tunkare shi. Ki nemi taimako baki da baki, ko da wayar wata amintacciya.

Na biyu, ki adana shaida. Ki ɗauki hoton saƙonnin barazana yadda lamba da kwanan wata za su fito, ki ajiye wajen waliyyinki ko yayarki. Alƙali da hujja yake aiki.

Na uku, idan kin samu mafaka, ki shiga WhatsApp ki duba jerin na'urorin da aka haɗa da shi, ki fitar da wadda ba ki sani ba, ki sa lambar tsaro mai alƙaluma 6. Ki buɗe sabon imel. Ki canza lambar sirri ta waya da ta Facebook da ta banki, kada ki sa ranar haihuwarki ko ta yaranki. Ki kashe abin da ke nuna inda kike. Idan caji da data suna ƙarewa ba dalili, mai yiwuwa an ɓoye manhajar leƙe a ciki, sauya wayar ya fi kwanciyar hankali.

Na huɗu, layinki da sunan wa aka yi masa rajista? In da NIN ɗinsa ne, zai iya zuwa kamfani a sake masa layin, saƙonnin bankinki su koma hannunsa. Ki yi naki da sunanki. Wayar da ya aiko wa yara kyauta ita ma a duba ta.

Na biyar, ki san hukuma tana da magana. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta haramta aika saƙon barazana da na batsa. Dokar hana cin zarafi ta VAPP, ita ma ta 2015, wadda jihohi da dama suka amince da ita, ta ba kotu ikon hana mai cutarwa kusantar ki. Akwai kotun shari'a, akwai lauyoyi mata na FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Mu kuma sauran, mu ji tsoron Allah. Idan hoton wata ya shigo wayarki, ki goge, kada ki tura, ki tuna a yau har ƙirƙirar hoton ƙarya ake yi da na'ura. Kada mu tsare ta da "me ya sa kika yarda aka ɗauka?" Ita ta amince wa mijinta ne, laifin yana kan wanda ya ci amana. Kuma ayar da ta hana shi leƙen wayarki ta hana ki leƙen tasa da ta abokiyar zamanki.

Ɗalibar tawa a yau tana da sabon layi, maganarta tana hannun waliyyanta, ta kuma dawo aji.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya shiryi mazajenmu, Ya isar wa duk wadda aka zalunta. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.