Tsufa na Gaskiya da Tsufa na Fenti

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya da za ka juya a ranka. In mutum ya shafa wa kabad fenti don ya sake masa kama, ado ya yi ko ƙarya?

Ka san kabad, inda mata ke jera kwanoni da tasoshi a ɗaki. A nan Damargu, daga Tanut har Belbeji, katako ba abin wasa ba ne. Ƙasarmu ta gero ce da dabbobi, ba ta da manyan itatuwan da ake yankan katako. Sai an ɗauko shi daga kudu, ya biyo ta Zinder, ya ƙara tafiyar kusan kilomita 150 kafin ya iso Tanut. Shi ya sa kabad ɗaya yakan raka uwa ɗakin miji, ya kuma raka ɗiyarta. In ya koɗe, sai a kai wa kafinta ya shafe shi ya koma kamar sabo.

To, a Turai da Amurka wani yayi suke yi dabam. Sukan shafa wa kabad fenti iri biyu, ɗaya bisa ɗaya. In ya bushe su goge gefuna da wajen mariƙi har na ƙasa ya leƙo, sa'an nan su bi shi da kaki mai duhu. Wai don ya yi kama da kayan kaka da kakanni. A 1990 wata mutuniyar Ingila, Annie Sloan, ta fito da fenti mai kama da alli wanda ake yawan yin wannan aiki da shi. Ka ji ikon Allah: mu muna ɓoye tsufa, su kuwa kuɗi suke biya su same shi.

Wa ke da gaskiya? Ina ganin laifin ba ga fenti yake ba. Matar da ta shafe kabad ɗin uwarta, kowa a gidan ya san shekarunsa, ba ta yaudari kowa ba. Ta ma yi tattali, don fenti yana kare katako. Baturen da ya tsufar da nasa don jin daɗin idonsa, shi ma bai cuci kowa ba.

Amma duba wannan. Gara ta cinye cikin katako, mai shi ya cusa ramukan da garin katako da gam, ya shafe, ya kai kasuwa. Wani uba ya sayar da buhunan geronsa ya saya wa ɗiyarsa. Ba a yi shekara ba ƙafar kabad ta karye, kwanoni suka zube, amarya ta sha kunya gaban dangin miji. Haka kuma wanda ya turara sabon abu da hayaƙi ya ce wa baƙo gadon kakansa ne. Dukansu biyu algus suka yi.

Watakila ka ce ai mai saye ido gare shi. To, in ka sayi buhun gero, sama tsaba ƙasa ƙaiƙayi da yashi, za ka ce laifin idonka ne? Ma'aunin dai guda ne: za ka iya gaya wa mai saye abin da ke ƙarƙashin fentin ba tare da ka sunkuyar da kai ba? In za ka iya, shafa abinka. In ba za ka iya ba, ajiye buroshi.

Saura magana guda. Tabon da ke jikin tsohon kabad labari ne. Wannan ƙunar fitila ce. Wancan tsagi kuwa watakila ya samu ne a farin 1984, lokacin da gidaje da yawa suka yi ƙaura. Irin wannan tsufa ba a sayar da shi a gwangwani. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba su ce da sabuwar da aka rina ba.

Saboda haka, kafin ka shafe kabad ɗin gidanku, zauna ka tambayi tsohuwar da ta zo da shi labarin kowane tabo. In ka ji, ka shafa, ka kuma gaya wa yara.

Allah ya ba mu ikon riƙon gaskiya, amin.