IDO, WA KA RAINA?

Ya mai karatu, ka taɓa ganin cikin sheƙar gaggafa? Ni ban taɓa gani ba sai da na haura shekara hamsin. A kan tabarma kuwa na gani, a tsakar gidana a nan Damagaram. Ɗana ne ya zo hutu daga Yamai a watan Maris na 2025. Bayan mun ci tuwon dare sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Baba, dubi wannan."

Na duba. Ga wata babbar tsuntsuwa baƙa, mai farin kai da rawayan baki, tana kwance cikin tarin itatuwa, iska tana kaɗa gashinta. Na ce, yaushe aka ɗauki hoton? Ya ce ba ɗauka aka yi aka ajiye ba, abin da ke faruwa ke nan yanzu-yanzu. Mu muna dare, su kuwa rana ce tsaka a wurinsu. Wurin ana ce da shi Big Bear, cikin duwatsun Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Wata ƙungiya ce ta mutanen wurin ta ɗaure kyamara a kan wani dogon itace, ya fi mita 40, ta haɗa ta da intanet. Kowa a duniya yana iya leƙawa, dare da rana, tsuntsayen kuwa ba su san ana ganinsu ba. Har suna aka ba su: macen Jackie, namijin Shadow.

Kwana goma ɗana ya yi, kwana goman nan kuwa ban fasa kallo ba. Na ga yadda suke karɓar juna wajen zama a kan 'ya'yan. Na ga namijin ya kawo kifi, macen tana yagar naman ƙanana-ƙanana, tana karkata kai domin kada ƙaton bakin nan ya ji wa ɗan ciwo. Ɗana ya gaya mini ƙwan irin wannan gaggafa yakan yi kamar kwana 35 kafin ya ƙyanƙyashe, ɗan kuma sai ya yi mako 10 zuwa 12 kafin ya tashi. A 2023 da 2024 sun yi ƙwai, sun yi ta kwanci, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. A Fabrairu na 2024 macen ta yi kusan awa 62 a kan ƙwai ba ta tashi ba, dusar ƙanƙara tana rufe ta har wuya. Saboda haka sa'ad da 'ya'ya uku suka fito a 2025, dubban mutane suka yi murna kamar haihuwa aka yi a gidansu.

Sai hadiri ya zo musu da ƙanƙara a tsakiyar watan. Da gari ya waye, aka ƙirga kawuna, biyu ne. Ɗaya ya mutu.

Ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Mu a nan zafin bazara yana gasa mu, ni kuwa ina ta jin sanyin wani ɗan tsuntsu a ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Na ce wa ɗana, "Su mutanen nan suna gani, me ya hana su hau su ɗauko shi?" Ya ce doka ta hana. Tun 1940 Amurka ta kafa dokar tsaron wannan gaggafa, ba mai taɓa sheƙarta sai da izinin hukuma. Masu kyamarar ma sun ce su masu kallo ne kawai. Na yi ta faɗa, ina cewa wannan wane irin tausayi ne, ido ba hannu?

Matata tana gefe tana tsince wake. Ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Malam, kai da kake da ido da hannu, me ka yi da su a kan tsamiyar nan?"

To, sai in gaya maka zancen tsamiyar.

A gidana akwai tsamiya wadda na tarar, ta girme ni. Kowace shekara shamuwa sukan zo su yi sheƙa a kanta, wani lokaci biyar, wani lokaci shida. Kai ma ka san shamuwa. Ba ta da kyan gaggafa: baƙa ce mai farin ciki, tana tafiya kamar tsohon da ya ɓatar da wani abu. Takan iso wajen Afrilu ko Mayu, manomi kuwa da ya gan ta sai ya fara gyaran gona. Da muna yara iyayenmu sun hana mu jifanta, yaron da aka kama da danƙo a gindin itacenta kuwa ya sha bulala. Amma shamuwa baƙuwa ce mai ɓarna. Kashinta fari fat a kan kwanon ɗaki, daga kwanon nan kuwa muke tarar ruwan sama. Ga wari. Ga guntayen kwaɗi da ƙadangaru suna faɗowa inda mata ke daka. Shekara uku kafin zuwan ɗana da wayar nan, na sake kwanon ɗakina, na kashe kuɗi da yawa. Da damina ta yi tsaka na ga sabon kwano ya zama fari, sai zuciya ta ɗauke ni. Na kira wani yaro mai gatari, na ba shi dala ɗari biyu, ya sare rassan da ke bisa ɗakin. Sheƙa huɗu suka faɗo. Akwai 'ya'ya a ciki, gashinsu bai gama fitowa ba. Ban ƙirga su ba. Na sa aka kwashe aka kai juji, iyayen suna ta kewaya gidan har magariba.

Ka ga mutumin da ke zargin Amurkawa da rashin tausayi.

Tun daga daren nan nake ta juya wannan tambaya, ina kuwa so ka juya ta tare da ni. Me ya sa zuciyar mutum takan yi taushi ga abin da ke nesa, ta taurare ga abin da ke bisa kansa? Hausawa sun riga sun ba da rabin amsa: ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Amma sabo kaɗai bai isa ya bayyana abin ba. Gaskiyar ita ce gaggafar Amurka ba ta taɓa ɓata mini kwano ba. Kyamara ta kawo mini kyanta, ta bar warinta can. Lalle sheƙarta ma tana wari, gama ruɓaɓɓen kifi ne a ciki, amma waya ba ta kawo wari. Tausayin da na ji bai ci mini ko dala ba, sai kuɗin intanet, shi ma ɗana ne ya biya. In na gaji sai in kashe wayar in yi barci. Shamuwa kuwa ba a kashe ta da maɓalli. Wanda zai ji tausayinta, sai ya share tsakar gida sau biyu a yini har wata uku.

Kada ka ce ina zagin kallon. Ba haka ba ne. Ni da na yi shekaru a ƙarƙashin sheƙar shamuwa, ban taɓa sanin abin da ke faruwa a cikinta ba, gama daga ƙasa ƙirare kawai ake gani da kashi. Sai da gaggafar wata ƙasa ta nuna mini yadda uwa ke juya ƙwai da bakinta, yadda take buɗe fikafikai ta yi wa 'ya'ya rumfa, sa'an nan na gane abin da na zubar a juji. Ashe gidaje huɗu ne. Kyamarar ta yi mini aikin malami. Amma malami yakan koya maka karatu ne domin ka karanta wasiƙar da aka aiko maka, ba domin ka zauna kana yabon allonsa ba.

Su Amurkawan ma ba da kallo suka ceci tsuntsuwarsu ba. A 1963 ma'aurata 417 kaɗai aka sani sun rage a jihohinsu 48 na tsakiya. Wani maganin ƙwari ne mai suna DDT ya shiga ruwa, ya shiga kifi, ya shiga gaggafa, ya sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi har yakan fashe a ƙarƙashin uwar. A 1972 suka hana amfani da shi. Manoma da masu sayar da maganin sun yi hasara, sun yi gunaguni. A 2007 aka cire ta daga jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, ƙirgar da hukumarsu ta fitar daga baya kuwa ta haura dubu 300. Wato sai da waɗansu suka yarda suka yi hasara tukuna, kyamara daga baya ta zo. Hana hannu ma da suka yi a kan sheƙar Big Bear, wanda na yi ta zargi, irin wannan horo ne: sun koyi cewa hannun mutum ya fi ƙanƙara ɓarna.

Mu ma a ƙasar nan an taɓa sanin wannan. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo. Ba na roƙon a komo da takobinsa. Amma ka bi hanyar Matamai ko Magarya ka dubi gawon da ke tsaye cikin gonaki, ka dubi geron da ke ƙarƙashinsa. A cikin Attaura ma, a Maimaitawar Shari'a sura 22, akwai doka a kan mutumin da ya tarar da sheƙa a hanya: an hana shi ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Na karanta wurin nan ba sau ɗaya ba, na wuce, ina tsammani ƙaramar magana ce. Ban ga kaina a ciki ba sai da matata ta yi magana.

Watakila za ka ce, "Dattijo, mutane suna kwana da yunwa, kai kana zancen tsuntsu?" Maganarka tana da nauyi, ba zan yi kamar ban ji ba. In ya zama dole a zaɓa tsakanin yaro da tsuntsu, ba wanda zai yi shakka. Amma ka tambayi kanka, sau nawa aka taɓa sa ka wannan zaɓi? Ni dai ba yunwa ce ta sa na kira mai gatari ba, kwano ne. Da na yi haƙuri har su tashi wajen Oktoba, da na rage rassan ba tare da ran kome ya salwanta ba. Wata uku ne na kasa jira. Shamuwar nan kuwa fara take ci, da tsutsa, abokan gāban geronmu. Tana gama damina a wurinmu sai ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka, ta bi ruwan can, ta komo. Ba ta roƙi hatsinmu ba, reshe kawai ta roƙa.

Ka dubi ungulu kuma. Wanda ya kai shekaruna ya tuna yadda suke cika mahauta da bakin kasuwa, har sai an kore su da ƙafa. Yau yaro zai yi wata bai ga ko ɗaya ba. A 2015 aka sa ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Guba ta kashe waɗansu, waɗansu kuwa an kashe su domin a sayar wa masu tsibbu kai da ƙafafu. Akwai wata farar ungulu, irin wadda Turawa ke kira ungulun Masar, wadda aka ɗaura wa na'ura a baya a ƙasar Girka a 2013, aka sa mata suna Paschalis. Mutanen can suna bin tafiyarta a kwamfuta, ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta sauka a ƙasarmu, arewa maso gabas da birnin nan. A farkon 2014 wani maharbi ya kashe ta domin kasuwar magani. Ka lura da wannan. Masu kallon suna Turai, sun ga kome, ba su da abin yi. Masu hannu suna nan kusa. Wani ya ga maharbin ya shigo gari, wani ya ba shi masauki, wani ya nuna masa inda tsuntsayen ke sauka. Mu ne waɗannan. Akwai kuma waɗanda ke hawan duwatsun Kutus a ƙasar Gure, ma'aikatan ƙungiyar Sahara Conservation, suna bin sheƙunan ungulu suna ƙirga abin da ya rage. Su ma ba za su iya kwana a gindin kowane dutse ba.

Kai fa, me ke bisa itacen gidanka? Ka taɓa tsayawa ka duba? In ɗanka ya zo da ƙwai a cikin hula, me kake ce masa? In maƙwabcinka ya kira mai gatari da damina, kana iya buɗe baki, ko kuwa kunya za ta hana ka, kamar yadda ta hana maƙwabtana?

'Ya'yan gaggafar nan biyu da suka rage sun tashi a watan Yuni na 2025, ɗana ya aiko mini da hoton. Na gode masa. Na sayi rariya na sa a bakin indararo, ruwan farko kuma mukan bar shi ya zube kafin mu tara. Tsamiyar ta yi sababbin rassa, har sun soma komowa bisa kwanon, na kuwa ce kada kowa ya taɓa su. Da shamuwa suka iso, na zauna da safe ina dubansu. Guda biyu suka sauka a kan tsamiyar, suka daɗe suna duban wurin, sa'an nan suka tashi suka koma kan kukar da ke bayan gidan maƙwabcina. A can na ƙirga sheƙa bakwai.