Filafilin Kawu

A Wara, wadda yanzu ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, a da akwai wata rumfar zana can bayan kasuwa, inda hanya ke gangarawa bakin ruwa. Tun kafin ka hango ta warin tsamin dawa zai tare ka. Gidan burkutu ne. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, don sai a 1991 aka yanke Kebbi. An ja mana kunne, mu yara, ko inuwar wurin kada mu raɓa. Mahaifiyata in mun zo cin kasuwa daga tungarmu, takan toshe hanci da mayafi ta wuce, ba ta taɓa gaida tsohuwar da ke dafawa ba.

Ni kuwa na san cikin rumfar, saboda Kawu. Ƙanin mahaifiyata ne, masunci, haifaffen gungun da ruwa ya cinye bayan an gama madatsar Kainji a 1968. An kwashe mutane fiye da dubu 40 zuwa tudu, aka gina musu gidajen siminti. Kawu yakan ce an ba su ɗaki, an karɓe musu gari. Fadamar albasar kakanmu da kaburburan iyayensu duk suna ƙarƙashin tafki. Wannan bai halatta masa sha ba, amma a nan ya fara.

In ya shiga, ni sai in tsuguna bakin ƙofa da kwandon kifi. Ina kallon tsohuwar tana shanya dawar da ta tsiro a tabarma, tana juya manyan tukwane da muciya, tana ɗiba daga randa da ƙoƙo. Masunta da 'yan dako na zaune a kan kututture, wannan na yaren Gungawa, wancan na Kambarci, in gardama ta yi zafi kowa ya koma Hausa. Ba ta taɓa miƙo mini ƙoƙo ba. Gyaɗa take ba ni.

Wata ranar kasuwa a farkon damina Kawu ya sayar da giwan ruwa da tsada, ya zauna a rumfar har rana ta faɗi. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Ya miƙe yana tangaɗi ya ce, "Tashi mu tafi, yaro." Ya laluba jikin zana inda ya jingine filafilinsa, babu.

"Inna, ina filafilina?"

"Yana wurina," in ji ta, ba ta ko ɗago kai daga murhu ba.

"Na biya ki kuɗinki!"

"Ka biya kuɗin giya. Ran yaron nan ba na sayarwa ba ne. Dubi hadari. In kai ka gaji da duniya, shi bai gaji ba."

Kawu ya zage ta, zagin da ba zan maimaita ba. Ya ce shi ɗan ruwa ne, tun kafin a yi tafkin yake tuƙi. Ta ce to ruwan da ya sani kogi ne, wannan kuwa daji ne da aka binne da itatuwansa a tsaye. Gaskiya ta faɗa. Har yau kututturan nan na ƙarƙashin ruwa suna fasa jirage, ga iska da ke tayar da igiyar da kogi bai taɓa yin irinta ba. Ya roƙi aron filafili wurin sauran mashaya. Ta dube su ta ce duk wanda ya ba shi, kada ya ƙara tako mata rumfa. Babu wanda ya motsa.

Ba a daɗe ba iska ta kece, har ta yaye gefen zanar. Tsohuwar ta kai ni ɗakin jikokinta, ta zuba mini tuwo, ta ce, "Ci, ɗana, babu abin tukunyar can a ciki." Kawu ya kwana a rumfa yana minshari.

Da asuba ta miƙa masa filafili. A bakin ruwa muka tarar ana kwashe kwalekwalen da iska ta kifar a inda aka ɗaure su. Kawu bai ce uffan ba har muka isa tunga, inda mahaifiyata ta kwana tsaye bakin gaɓa.

Kawu bai daina sha nan take ba. Sai da ya ƙara shekaru kafin Allah ya shirye shi. Rumfar ma ta watse tun kafin jihar Kebbi ta kama shari'a a 2000. Amma kasuwar da ta biyo bayan daren nan, mahaifiyata ta ɗauki bandar kifi mafi kyau a gidanmu, ta riƙe hannuna, muka nufi bayan kasuwa. Ta tsaya daga waje, ta durƙusa, ta ce, "Iya, ina kwana? Ni ce uwar yaron."