Ɗana, Ka San Hannun da Ya Kamo Kifin Nan?

Ɗana, tun kana ƙarami aka koya maka ka tambayi wanda ya yanka nama kafin ka ci, ka juya abin gwangwani ka duba ko da kitsen alade a ciki. Madalla da wannan tarbiyya. Kifi kuwa ba ka tsayawa tambaya a kansa, domin an ce maka abin da ya fito daga teku halal ne. Gaskiya ne, kifin halal ne. Amma gumin mutumin da aka tsare a jirgi aka tilasta masa kamo shi bai halatta ga kowa ba, kuma a kan wannan nake so ka ba ni aron kunnenka.

A shekarar 2015 wasu mata huɗu 'yan jarida na kamfanin dillancin labarai na Associated Press suka bankaɗo abin da ke faruwa a wani tsibiri mai suna Benjina, can gabashin Indonesiya. Sun tarar da maza, yawancinsu 'yan Myanmar, waɗanda aka kawo su aikin su a jiragen ruwan Tailan. Wasu suna kulle a keji a harabar kamfanin kamun kifin, laifinsu kawai sun nemi komawa gida. Mutanen sun ce sukan yi awa 20 zuwa 22 suna jan koma, ruwan shansu ba tsabta, wanda ya gaza a zane shi da wutsiyar wani kifi mai dafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maƙabartar tsibirin. An yi musu takardun jabu da sunayen mutanen Tailan, saboda haka wanda ya mutu da sunan ƙarya ake rubuta allon kabarinsa. Ka yi tunanin uwa tana can ƙauye tana zuba ido, ko da za ta zo har bakin kabarin ɗanta ba za ta gane shi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kada ka ɗauka da sarƙa aka kamo su. Da yawansu da bashi aka kamo su. Dillali ne zai zo ƙauye da daɗin baki, ya ce akwai aiki a masana'anta, kada ka damu da kuɗin mota, ka biya in ka fara samu. Kafin yaro ya farga an sayar da shi ga mai jirgi, an ce kuɗin da aka biya dillali bashi ne a kansa, an karɓe takardunsa. Jirgin kuma yakan daɗe bai dawo gaɓa ba: wani babban jirgi mai firji ne ke zuwa tsakiyar teku ya kwashe kifin, ya sauke mai da abinci. Ina mutum zai gudu? A cikin waɗanda aka ceto daga wannan bauta har da wanda ya shekara 22 rabonsa da mahaifiyarsa.

'Yan jaridar ba su tsaya a tsibirin ba. Sun bi jirgin dakon kifin ta tauraron ɗan'adam har tashar Samut Sakhon a Tailan, suka bi motocin da suka kwashe shi zuwa masana'antu, daga nan zaren ya kai su ga manyan kantunan Amurka irin su Walmart da Kroger, har da abincin kyanwa na gwangwani. Tun a 2014 jaridar Guardian ta Ingila ta nuna wata hanyar: ƙananan kifayen da bayi suka kamo ana niƙa su a yi gari, a ciyar da jatan lande a gonakin ruwa, jatan landen ya ƙare a Tesco da Carrefour. Hannu ya yi yawa tsakanin koma da kanti, kifin halak da na haram sun cakuɗe a firji ɗaya, kowa sai ya ce bai sani ba. Ni ban yarda da wannan uzuri ba. Kamfanin da ke iya gano kwalin da ya lalace ya janye shi daga kasuwa cikin kwana biyu, in ya so zai san jirgin da ya kamo kifinsa. Matsa wa masu kawo kaya da ake yi su karya farashi, a wuyan na ƙasa yake ƙarewa.

Tonon asirin ya yi amfani. An kuɓutar da mutum fiye da 2,000, Tarayyar Turai ta yi wa Tailan gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2015 ba ta janye ba sai 2019, Amurka kuma a 2016 ta toshe wata kafa a dokarta da ke barin kayan aikin tilas su shigo. Duk da haka, a 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta masunta 128,000 suna cikin aikin tilas a jirage. Kuma ba sai an je Asiya ba. A tafkin Volta na Ghana an daɗe ana kuka da yaran da ake karɓa daga iyaye matalauta ana sa su nutso kwance koma.

Ban ce ka daina cin kifi ba, ban kuma ce duk gwangwanin da ya fito daga Tailan na zalunci ne ba. Na ce ka riƙa juya shi kana karanta inda aka yi shi, kuma in arhar ta wuce hankali ka tuna araha ba ta ado. In Allah ya ba ka kanti ko kana shigo da kaya, ka tambayi mai kawo maka, ka nemi shaida a rubuce, domin kai za a tambaya. In kana da yara a shago ko a gona, kada ka riƙe haƙƙinsu da sunan ajiya.

Sannan ka kula da kanka. Irin bakin da ya yaudari samarin Myanmar shi ne ya kwashi namu ta Agadas zuwa Libiya, inda a 2017 duniya ta ga bidiyon ana gwanjon mutane. Duk wanda ya ce zai biya maka kuɗin tafiya ka biya shi da aiki, kada ka amsa masa kai kaɗai a ɓoye. Ka kawo shi gaban manya, a ga takardar aikin, a san sunan kamfanin da garin da za ka, fasfo ɗinka kuma ya zauna a aljihunka.