Neman Maganin Sankarar Mama A Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da waraka, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, lafiya amana ce, kuma ɓoye ciwo har ya ci jiki tozarta amana ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata wajen 670,000 ne sankarar mama ta yi ajalinsu. Ciwon yakan faro da ƙululu marar zafi a mama ko hammata, ko fitar jini daga kan nono. Yawancin ƙululu ba sankara ba ne, amma sai likita ya ɗauki hoto, ya gutsiri ɗan nama an auna, sannan a tabbatar.

Waɗansu matan kunya ke hana su zuwa asibiti, waɗansu kuwa camfin nan na cewa wai daji ba ya son allura. Alhali Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa kowace cuta Allah Ya saukar mata da magani. Malaman fiƙihu kuma sun halatta wa likita namiji duba al'aura gwargwadon lalura idan ba a sami mace ba.

Saboda haka haƙƙi ne a kan maigida ya kai iyalinsa asibiti da wuri. Manyan asibitocin koyarwa kamar na Shika a Zariya suna yin tiyata da ba da magungunan sankara. Tawakkali ba ya hana riƙon sababi.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.